Kwana Uku da Ben a Ƙofar Gidan Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kwashe sharar Paris. Shi ne mai tsayawa a bayan kamyo, wato babbar motar shara, cikin koren tufafi, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya yana jiran kwandon gaba. A Damagaram abin da aka sani shi ne yana aiki da meri, wato hukumar birni, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai ba wanda ya taɓa tambayar wane ɓangare. Da ya yi ritaya ya je Makka, ya dawo Alhaji, ya zauna a wani ɗan tsohon gida da suke haya a Montreuil shi da Hajiya matarsa. Gidan ɗaki biyu ne da falo, da kab, wato ɗakin ajiya a ƙarƙashin ƙasa, da wata rumfar kwano a tsakar gida ta baya.

Ni kuwa a Vaulx-en-Velin nake, a gefen Lyon, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wata Talata ina cikin bas zan je in kama metro, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta gajarta gaisuwa, abin da ba halinta ba ne, har ba ta tambayi lafiyar maƙwabtana da ba ta taɓa gani ba. Ta ce mai gidan hayar ya sayar da gidan, wa'adin da aka ba su ya kusa cika, kawu kuma ya ce shi daga Montreuil sai Damagaram, ya gaji da sanyi. Wannan duk ba damuwa. Damuwar ita ce sabon mai gida yana son a miƙa masa gidansa wayam, har kab, har rumfa.

"Ki zo," ta ce. "Ke ɗiyar ƙanwarsa ce, yana jin nauyinki. Ni da ɗiyarsa ya mai da mu rediyo, muna ta magana yana sha'aninsa. Kuma kin saba da tsofaffi masu taurin kai."

Na ɗauki hutu na hau jirgin ƙasa ranar Alhamis.

Ɗiyar kawu, taubashiyata, a nan Faransa aka haife ta, a farmasi take aiki, Hausarta rabi Faransanci ce. Tun muna yara take kirana baiwarta, tunda ita ɗiyar namiji ce ni ta mace, ni kuma ina kiranta Baturiyar da ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ita ta yi dabarar hayar ben. Ben wani ƙaton akwatin ƙarfe ne buɗaɗɗe, kamar an cire bayan tifa an dire a ƙasa. Kamfani ya kawo maka, ka cika shi da tarkace, ya dawo ya ɗauke. Sai da ta nemi takardar izini a meri kafin a yarda a ajiye shi a bakin titi, kuma kwana uku aka ba mu, daga safiyar Jumma'a zuwa safiyar Litinin.

Ben ya iso da takarda a tare da shi, ta abubuwan da ba a yarda a zuba a ciki ba. Taubashiyata ta karanta mana a teburin kari da muryar malamar lakkol a gaban ɗalibai. Ba a sa fenti, ba a sa baƙin mai na mota, ba a sa bateri, ba a sa taya, ba a sa butel ɗin gaz na girki ko da babu kome a ciki. Ba a sa firigo da tele da duk abin da ke cin wuta, ba a sa magani, ba a sa abinci, ba a sa wani irin tsohon kwanon rufi mai ƙura da ke lalata huhu. Kuma kada kaya su haura leɓen ben ko da kamu ɗaya.

Na zaci kawu zai yi tsaki. Sai na ga yana gyaɗa kai kamar mai sauraren wa'azin malaminsa. Ya ce duk gaskiya ne, har ma sun yi sassauci. Ya ba mu labarin ranar da bateri ta kama da wuta a cikin kamyonsu, da ranar da wani butel ya fashe ya kurmantar da abokin aikinsa na sati biyu. Ya ce duk wanda ya ɓoye gaz cikin shara ba shi da bambanci da mai haƙa rami a kan hanya ya rufe da tabarma. Muka dubi juna ni da Hajiya, muka ce ashe aikin zai zo da sauƙi.

Sa'an nan muka sauka kab.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sha zuwa gidan nan, ban taɓa sanin a kan me muke zaune muna shan shayi ba. Firigo huɗu ne jere a jikin bango, cikin kowanne an cika da dutsen guga. Tele irin mai ƙaton ƙeya sun kai bakwai. Kekunan ɗinki uku, kujeru masu ƙafa uku ba iyaka, laima buhu biyu, sandunan guragu, takalma warin ƙafa ɗaya an jera su bisa girma, ko Allah zai kawo ɗan'uwan wani. Ga gwangwanayen fenti da suka daskare, ga tayu, ga batura, ga butel ɗin gaz guda shida. A rumfa kuma akwai dogayen katakan nan da Turawa ke ɗaurawa a ƙafa su sulale kan ƙanƙara, da kujerar likitan haƙori, da wani farin kwanon tangaran da ake tsarki a cikinsa a bayan gidajen da. Duk wannan daga bakin titin Paris ya fito, ɗaya bayan ɗaya, a kafaɗar kawu, cikin metro.

A nan muka gane takardu biyu ne ke mulkin ben. Ta kamfani a rubuce take, ta hana rabin kayan. Ta kawu ba a rubuce take ba, ta hana sauran rabin. Duk abin da na ɗaga sai ya ce in dakata. Kujera mai ƙafa uku, ƙusa biyu kawai take nema. Katakan ƙanƙara, ya ce babu azarar da ta kai su kyau a rufin rumfa, gara ba ta cin su. Kwanon tsarkin nan, raguna za su sha ruwa a ciki, su ba ruwansu da tarihinsa. Kujerar likitan haƙori kuwa ya riga ya yi wa wani wanzami a unguwarsu alkawarinta, ko da yake Hajiya ta tuna masa wanzamin ya rasu tun ɗiyarsu tana goye.

"Bature ba ya zubar da abu don ya mutu," in ji kawu. "Gajiya yake yi da ganinsa. Ajiya kuwa maganin wata rana."

Hajiya ta ce wata ranar nan shekara talatin ke nan tana hanya, da alama biza ce ba ta samu ba.

Akwai wurin da ya kama a cikin kwantenar da wasu ƴan kasuwa ke haɗawa su aika gida, amma wurin bai fi faɗin gado biyu ba, kuma kayan ɗakin Hajiya sun riga sun cinye shi. Na faɗa masa haka cikin ladabi, da irin muryar da nake lallashin tsofaffinmu na Vaulx-en-Velin su sha magani. Ya saurare ni har na gama, ya sa mini albarka, ya karɓe kujerar daga hannuna ya mayar inda take.

Har la'asar ta Jumma'a abin da ya shiga ben shi ne sandar tsintsiya karyayya da kwalaye biyar. Kafin magariba kawu ya leƙa, ya fitar da kwalayen, ya ce takarda ce, a kwando mai rawayan marfi ake sa ta. Ya dubi sandar ma ya daɗe, sai dai ya ga idon Hajiya a kansa.

Da safiyar Asabar na fito sayen burodi, na tarar ben ya kusa rabi. Katifa biyu, injin wanki, gwangwanayen fenti, taya, buhunan filasta, keken motsa jiki, da busasshen icen nan da suke ƙawata ɗaki da shi lokacin Kirsimeti. Ba namu ko ɗaya. Waɗannan maƙwabtan ne da suka yi shekaru suna koya mana ladabin shara. Akwai wata tsohuwa a gida na uku da ta taɓa liƙa wa Hajiya wasiƙa a ƙofa, mai shafi biyu, don an sa kwalbar mai a kwandon da ba nata ba. Ashe duk tarbiyyar nan tana tsayawa ne daidai inda aka ga ben ɗin wani a buɗe, ba mai gadi.

Taubashiyata ta fusata, tana ta Faransanci, tana cewa in aka ga fenti da taya a ciki mu za a ci tara. Kawu kuwa ya nufi ben. Ya sa safar hannunsa ta aiki da ya ajiye tun ritaya, ya hau ya tsaya a tsakiyar kayan yana dubawa kamar boka a kan ƙasa. Shekara talatin a bayan kamyo ba wasa ba ce: ya ce fentin nan launin tagogin gida na bakwai ne, tayar ta motar mai gashin baki ce da ke fakawa a kusurwa, filasta ta masu gyaran bene ce. Keken motsa jikin kuwa na tsohuwar mai wasiƙa ne, yana ganinsa ta tagarta tun shekaru ana shanya tawul a kai.

Ya ɗauki kowane ya kai ƙofar mai shi. Yana buga ƙararrawa, a buɗe, ya gaishe su da fara'a, ya ce ya ga sun manta kayansu a wurinsa. Ba wanda ya musa. Mai gashin baki har godiya ya yi. Tsohuwar ta ce jikanta ne, kawu ya ce ai ya sani, yaran yanzu sai addu'a, ya miƙa mata takardar da ke ɗauke da lokutan buɗe deshetri, wato filin da hukuma ta keɓe don irin waɗannan kaya.

Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na shiga gida na ba Hajiya labari muna dariya. Da muka sauka kab sai muka tarar da injin wankin nan zaune kusa da firigo na huɗu. Katifa ɗaya ma tana jingine. Kawu ya ce injin bel ɗinsa kawai ya tsinke, bai kuma gane mai shi ba, to ba zai bar shi a titi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A kwana na biyu kab ya fi ranar da na zo cika.

Dabarar da ta cece mu daga Hajiya ta fito. Ta ɗauki waya ta kira fuwaye, gidan da maza ƴan ci-rani ke zama ɗaki-ɗaki a nan Montreuil, inda kawu ya yi shekarunsa na farko kafin ya kawo ta. Ta kira wasu ƴan'uwa masu shagunan waya a Barbès. Ta ce Alhaji na shirin komawa gida, yana raba kayansa sadaka, duk mai so ya zo, akwai shinkafa. Ba ta shawarci Alhajin ba.

Bayan azahar gida ya cika. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi sanyi, aka ci, aka yi addu'a, sa'an nan wani dattijo ɗan Maradi ya ce Allah ya saka wa Alhaji da wannan alheri da suka ji labari. Kawu ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi tukunya. Amma mutumin da zai iya yi wa matarsa da ɗiyarsa gardama a kan kujera mai ƙafa uku ba zai iya cewa baƙi ashirin babu sadaka ba. Ya ce amin, ya kai su kab da kansa.

Abin mamaki, da aka fara sai ya ware. Zubarwa ce haramun a wurinsa, kyauta kuwa halal. Yana miƙa abu yana ba da tarihinsa: wannan tele a unguwar masu kuɗi ya same ta, wannan keken ɗinki ranar da aka yi dusar ƙanƙara mai yawa. Firigo uku suka fita, tele biyar, laima duka, injin wanki, har kujerar likitan haƙori, wadda wani mai aski a Barbès ya ce tun da ya zo ƙasar nan irin ta yake mafarki.

Sai dai kowane baƙo da ya zo, da ɗan saƙo ya zo. Tunda Alhaji gida za shi, ga ɗan kwali a kai wa tsohuwa a Tawa, ga ɗan buhu na ƙane a Maradi, ba nauyi. Da suka watse, falo ya cika da ƴan saƙonnin da ba nauyi har ba wurin shimfiɗa dardumar salla. Taubashiyata ta zauna a kan ɗaya ta ce ita kam yanzu ta gane dalilin da ya sa Hausa ba ta da kalmar ben.

A ranar ne kuma muka gano akwai takarda ta uku, kuma ita ce mafi tsanani, don ba ta da tara sai zunubi. Taubashiyata ta sami wani ɗauri na kalandu a bayan firigo, irin waɗanda mahauta da shagunan aika kaya ke rabawa kowace shekara, masu lokutan salla da aya a sama. Kawu bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ita kuwa ta ga tsohuwar takarda, ta wurga ben. Hajiya, wadda kwana biyu take cewa a zubar da kome har da Alhajin in ya ƙi matsawa, ita ce ta tattare zane ta taka kujera ta shiga ben da gwiwarta mai ciwo, ta fito da su rungume a ƙirji. Ta ce sunan Allah ba ya kwana da katifar wani.

Aka rasa yadda za a yi. Ƙonawa a tsakar gida doka ta hana, kuma mun riga mun san maƙwabtanmu yanzu neman mu suke da laifi. Binnewa, gidan ba namu ba ne kuma. Wani malami ɗan Chadi cikin baƙin da suka rage ya yanke hukunci: a yanke ayoyin da almakashi a kai masallaci, akwai akwatin da ake tara irin su, sauran takardar kuwa, mai hoton rago da lambar wayar mahauci, ta tafi kwandon rawaya. Ni baiwa aka ba almakashi. Na yi awa uku ina raba aya da tallar nama.

Ranar Lahadi da hantsi muka kai ƙarshen rumfa. A can ƙurya, an naɗe da leda an ɗora bisa bulo don kada damshi ya taɓa shi, akwai wani akwatin tafiya ruwan ƙasa, an ɗaure da igiya. Na kai hannu, kawu ya ce in bari, amma ba da muryar da yake kare kujerunsa ba. Ya zauna a kan wata taya.

Ya ce na abokin ɗakinsa ne a fuwaye, mutumin wani ƙauye a gabas da Damagaram, mai aikin gini. Shekara uku yana tara tsaraba a cikinsa zai tafi ganin gida. Saura ƴan kwanaki ya tashi ya faɗo daga kan gini, ya kwana biyu a likita ya cika. Ƴan fuwaye suka haɗu suka yi masa sutura a nan. Kafin ya cika ya ce wa kawu ya kai akwatin da hannunsa, kada ya ba kowa. Kawu ya je gida sau da yawa bayan haka, amma kullum kilo ya yi yawa, kullum hutu gajere, kullum sai baɗi. Daga baya kunya ta shigo, ta yadda zai tsaya gaban iyalin mutum bayan shekaru ya ce ga saƙo. Kunyar ta yi ta girma tare da shekarun.

Hajiya ma ba ta san da shi ba. Ta ce a buɗe a ga ko wani abu ya ruɓe. A ciki akwai turamen atamfa uku, launinsu bai dushe ba, da agogon hannu, da rediyo ƙarama, da kwalbar turare da ya ƙafe, da takalman yaro ja waɗanda tafin hannuna ya fi su tsawo. Taubashiyata, mai bakin da ba ya hutawa, ta ninke atamfar yadda take ta mayar. Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo ta ce ta fitar da akwatin kwanukanta ɗaya daga kayan kwantena, a sa wannan a gurbinsa. Kawu ya ce a'a, wannan a jirgi zai tafi tare da shi.

Bayan haka bai sake yi mana gardama ba. Ban ce ya tuba ba, don ya ɓoye katakan ƙanƙara a bayan ƙofa yana zaton ban gani ba. Amma ya sa safar hannu ya karɓi ragamar aikin, muka ga yadda gwani ke loda ben: shimfiɗaɗɗu a ƙasa, masu nauyi a tsakiya, a ɓalle ƙafafun kujera a cusa a ramuka. Ya ɗauki igiya ya ja daga leɓe zuwa leɓe don ya tabbata ba abin da ya haura. Taubashiyata ta yi sawu huɗu zuwa deshetri da ƴar motarta, da batura da tayu da baƙin mai. A sawu na biyar ta tarar an rufe. Aka bar mu da butel biyu na gaz da gwangwanin fenti uku, ga shi gobe da safe za a ɗauke ben, da rana kuma a miƙa mabuɗi.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Litinin da safe kawu ya fita kai ayoyin nan masallaci. Hajiya ta dube ni, na dube ta. Muka ɗaga wata tsohuwar kafet da ke saman kayan, muka yi rami, muka kwantar da butel biyun da fentin, muka rufe. Muna gamawa kamyon kamfani ya tsaya. Shofer ɗin da ya tuƙo shi wani dogon mutum ne baƙi, ya gaishe mu da Faransanci, ya shiga jawo sarƙoƙi. Da yake Paris cike take da baƙaƙen da ba su jin Hausa, muka ci gaba da sha'aninmu a gabansa. Hajiya ta ce in ja kafet ɗin ta gefen dama, kan butel ɗaya ya leƙo. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan dogon ba abin da yake gani sai agogonsa.

Ya gama ɗaura sarƙa, ya cire safar hannu, ya zagayo ya ɗan rusuna.

"Hajiya, ina kwana. An tashi lafiya? Dogon yana roƙon arziki a fitar da butel biyun nan. Da fentin ma, in ba damuwa."

Mutumin Garwa ne, ta arewacin Kamaru. Hajiya ta amsa gaisuwar tiryan-tiryan, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, kamar ba ita ba. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, to ita da gaisuwa ta naɗe tata. Ni kuwa na hau ben ina tono, ina cikin miƙo butel na biyu kawu ya karyo kwana.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara talatin yana tsine wa masu wannan aiki, ashe yana ciyar da biyu a gidansa. Ya ba shofer haƙuri kamar shi ya yi laifin. Shofer ya ce ba kome, ai wannan kullum ne, jiya ma a wata unguwa ta manya ya tarar da mataccen kare a naɗe cikin labule. Nan take suka gane juna. Aka fito da shayi bakin titi, suka tsaya suna musayar labarin abin da mutane ke ɓoyewa a ƙarƙashin kafet, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa, mu masu laifi muna riƙe da faranti. Da zai tafi kawu ya ce lalle ya karɓi keken ɗinki guda. Mutumin ya dafa ƙirji ya ce Alhaji ya yi masa rai, nasa kab ɗin ma ba ya rufuwa, matarsa ta rantse in ya sake shigo da ko cokali za ta koma gidan yayanta.

Butel biyun, shagon da ke sayar da gaz a bakin hanya ya karɓe su ba tare da ko tambaya ba, tafiyar minti biyar daga gidan. Fentin taubashiyata ta kai washegari. Ni kuma hukuncina shi ne gado. Wani ɗan Maradi mai kai kaya Lyon da ƙaramin kamyo ya sauke ni a Vaulx-en-Velin da firigo na huɗu, da keken ɗinki biyu, da katakan ƙanƙara, da kwanon tangaran na raguna, wai in riƙe kafin a sami wata kwantena. Mai gadin benenmu ya tsaya yana kallo ina shigar da su kab, ya tambaye ni ko na fara wasan ƙanƙara ne. Na ce ina tunani.

Kawu ya kai akwatin da hannunsa sati biyu bayan saukarsu. Hajiya ce ta ba ni labari a waya. Matar mutumin ta daɗe da rasuwa. Mai takalman ja suka tarar, magidanci da furfura a gemu, yana da mata da ƴaƴa shida. Kawu ya fara ba da haƙuri, mutumin ya tare shi, ya ce shi bai san fuskar ubansa ba, bai kuma taɓa riƙe abin da uban ya taɓa ba sai yau. Ya raba atamfar ga ƙannen uwarsa, ya ɗaura agogon da ba ya tafiya. Takalman ya hana a sa wa kowane yaro.

Yanzu kawu na Damagaram, kuma a can shi ne Bature. Ya sayi duro uku ya shafa musu fenti kala-kala ya jera a ƙofar gida, ɗaya na leda, ɗaya na gwangwani, ɗaya na bateri, yana tare masu wucewa yana musu bayani. Maƙwabta suna saurare da ladabi, suna cewa Alhaji ya yi gaskiya. Duro na farko ya kwana huɗu kafin wani ya ga ya fi dacewa da ajiyar ruwa. Ya sayi wani ya sa masa sarƙa da kwaɗo. A wayarmu ta ƙarshe ya ce mai unguwa ya yi alkawarin zuwa ya duba tsarin bayan salla, bai dai faɗi wace salla ba. Ya kuma ce in na tashi zuwa in riƙo masa safar hannu irin ta masu shara, mai kauri, lamba goma, don ta kasuwar can ba ta kwana uku.